Sauka Sa'ad da Iska Ta Zo Ta Gefe

A watan nan za mu ajiye alli, mu ɗaga kai sama. Wani dattijo cikin masu karanta wannan shafi ne ya zo mana da kuka. Ɗansa yana koyon tuƙin jirgin sama a wata makaranta a ƙasar waje, dangi kuwa suka yi karo-karo, har da sayar da gona, kafin kuɗin ya cika. A irin waɗannan makarantu bisa ga awa ake biya, kowace awa da aka yi a sama da kuɗinta. Yaron ya bugo waya ya ce ya iya tashi, ya iya juyi, ya iya sauka, amma malaminsa ya hana shi tashi shi kaɗai, wai sai ya gan shi ya sauka lafiya sa'ad da iska take bugowa ta gefe. Mako uku ke nan ana abu guda. Dattijon ya dube mu ya ce, "Malam, anya wannan ba dabarar cin kuɗi ba ce?"

Muka ce, Baba, ba mu lokaci. Aikinmu koya wa yara lissafi da labarin ƙasa ne, abin da ke cikin maganar nan kuwa lissafi ne, da iska, da koyarwa, duka uku ba baƙinmu ba ne. Ga amsar, mun sa ta a nan domin ba shi kaɗai yake da ɗa ko 'ya mai wannan buri ba.

Duk wanda ya taɓa zuba wa ungulu ko shamuwa ido sa'ad da za ta sauka ya lura takan juya ta fuskanci iska tukuna. Jirgin sama ma haka yake so. Abin da ke riƙe shi a sama shi ne iskar da ke ratsa fikafikansa. In ya fuskanci iska, sai ya samu abin da ke riƙe shi alhali gudunsa a bisa ƙasa ya ragu, ya taɓa ƙasa a hankali, ya tsaya ba da nisa ba. Matuƙan farko ba su da damuwa a kan wannan, gama filayensu fegi ne mai faɗi, ta inda iska ta fito ta nan za su fuskanta. Jiragen da suka fara sauka a Kano cikin watan Nuwamba na 1925, guda uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar, a filin dawaki suka sauka. Da jirage suka ƙara nauyi, sai ya zama tilas a shimfiɗa musu titi, titi kuwa ba ya juyawa.

Saboda haka kafin a shimfiɗa titin jirgi akan duba labarin iskar wurin na shekaru. Hukumar sufurin sama ta duniya, watau ICAO, ta ba da shawara a daidaita titi yadda jirage za su iya amfani da shi aƙalla kashi 95 cikin 100 na lokaci ba tare da iskar gefe ta fi ƙarfinsu ba. Lambar da ake rubutawa a bakin titi tana nuna inda ya dosa bisa ga kamfas, an cire sifiri na ƙarshe. Babban titin filin jirgin Kano yana da lamba 06 a baki ɗaya, 24 a ɗaya bakin, watau ya miƙe daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas. Na Kaduna 05 da 23 ne. Yaran ajinmu na labarin ƙasa za su gane dalili nan da nan: iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, iskar damina kuma daga kudu maso yamma. Titi guda ya ishi duka biyu. Amma iska ba ta yi wa kowa alkawari ba. Hadarin bazara da na farkon damina daga gabas yake tasowa, da iska mai ƙarfi a gabansa, cikin 'yan mintoci kuwa ta canja fuska. Wannan ɗan kashin da ya ragu cikin 100 shi ne abin da malamin yaron nan yake jira.

Bari mu yi ɗan lissafi. Matuƙa suna auna iska da ma'aunin da ake kira not, not ɗaya kuwa kilomita 1.852 ne a awa. Iskar gefe mai not 10 ba wata babbar iska ba ce, ko zanen da aka shanya a igiya ba lalle ta yar ba. Duk da haka tana tura jirgi gefe wajen mita 5 kowace daƙiƙa. A titi mai faɗin mita 30, daga layin tsakiya zuwa baki mita 15 ne kawai. Matuƙin da ya yi sakaci daƙiƙa uku ya bar kwalta ke nan. Jirgin koyo irin Cessna 172, wanda aka fara sayarwa a 1956 kuma har yau ana ƙera shi, da mutanensa da mansa da kyar ya wuce tan ɗaya, nauyin ƙaramar mota, ga shi da fikafikai masu tsawon mita 11 da iska za ta samu wurin kamawa. Ƙafafunsa kuwa an yi su domin su mirgina gaba. In ya taɓa ƙasa yana zamewa gefe, taya na iya fashewa, ƙafa ta lanƙwashe, ko fiffike ya daki ƙasa.

Iska ba kullum take zuwa ta gefe sak ba, yawanci a karkace take zuwa, sai a raba ta biyu: wadda ke fuskantar jirgi, da wadda ke tura shi gefe. Akwai dabarar da malaman tuƙi ke koya wa ɗalibai da fuskar agogo, mun kuwa ji daɗinta har mun kai ta aji. A ɗauki bambancin digiri tsakanin titi da iska kamar mintocin agogo. Digiri 15 kwatan awa ne, to, kashi ɗaya cikin huɗu na iskar ne ke gefe. Digiri 30 rabi ne. Digiri 45 kashi uku cikin huɗu. Daga digiri 60 zuwa sama, a ɗauka dukanta ta gefe ce. Misali, ɗalibi zai sauka a titi na 06, aka gaya masa ta rediyo iska tana zuwa daga digiri 090 da ƙarfin not 20. Bambanci 30, watau rabi, not 10 ke nan daga hannun dama. In ta koma 120, dukan not 20 ɗin ya zama nasa. Lissafin bai yi daidai da na littafin makarantar sakandare ƙwaya da ƙwaya ba, amma mutumin da hannunsa ke kan sitiyari ba shi da lokacin buɗe littafi. A ƙananan filayen da ba mai rediyo, sai a dubi safar iska, wannan doguwar jakar yadi da ke rataye a sanda. Irin wadda aka saba yi takan miƙe sosai in iska ta kai not 15.

To, yaya ake sauka? Hanya biyu ce, yawancin matuƙa kuwa haɗa su suke yi.

Ta fari kowane mai fito a kogin Binuwai ya san ta. In yana so ya isa mashigin da ke daura da shi, ba ya dosansa kai tsaye, sai ya karkata goshin kwalekwale wajen da ruwa ke fitowa, ruwa na tura shi, shi yana turawa, ya isa daidai. Matuƙi ma yakan karkata hancin jirgi wajen iska, jirgin yana bin layin titi amma fuskarsa tana kallon gefe. Turawa suna kiran wannan tafiyar ƙaguwa. Da iskar gefe mai not 10, jirgi kuwa yana saukowa da gudun not 65, karkatar ba ta wuce digiri 9 ba. Tana da daɗi, fasinja ba ya jin kome. Aibinta ɗaya: ba a taɓa ƙasa a haka da ƙaramin jirgi. Tilas a miƙe hanci kafin taya ta sauka. (Akwai wani ƙaton jirgin yaƙi na Amurka, B-52, da aka yi wa ƙafafu masu juyawa har digiri 20, ya sauka yana kallon gefe ƙafafunsa suna kallon gaba. Ɗalibinmu ba shi da wannan gata.)

Ta biyu ita ce mai wuyar koyo, a nan kuma muke so mai karatu ya natsu. Cikin jirgi akwai sitiyari a hannu, akwai feda biyu a ƙafa. Sitiyari yana motsa wasu 'yan alluna a ƙarshen fikafikai, su sunkuyar da fiffike ɗaya su ɗaga ɗaya. Feda tana motsa allon da ke tsaye a wutsiya, ya juya hanci dama ko hagu. Tun ranar farko an koya wa ɗalibi hannu da ƙafa tare suke tafiya: in za ka juya dama, sitiyari dama, ƙafar dama. Ya yi awoyi yana horar da jikinsa a kan haka. Yau kuma sai malam ya ce masa, iska tana dama, sunkuyar da fiffiken dama cikin iskar domin kada ta ture ka, sa'an nan ka taka fedar hagu domin hanci ya tsaya a kan layi. Hannu dama, ƙafa hagu. Jirgi ya karkace, jikin ɗalibi yana zamewa a kujera, duk abin da ke cikinsa yana ce masa wannan ba daidai ba ne. A haka kuwa zai sauka, tayar da ke wajen iska ta fara taɓawa ita kaɗai, ya yi 'yar tafiya da ƙafa ɗaya, sa'an nan ta biyu ta sauka, ta hanci a ƙarshe.

Mu da muka koya wa yara rubutu mun san irin wannan wuri. Yaro yana iya haddace bayani sarai, ya maimaita maka ba kuskure, hannunsa kuwa bai ji ba tukuna. Malaman tuƙi masu hikima sukan rarraba aikin. Da fari a can sama, inda akwai sararin yin kuskure, a samu hanya miƙaƙƙiya ko layin dogo a ƙasa, ɗalibi ya riƙe hancin jirgi a kanta yana sunkuyar da fiffike dama da hagu. Daga nan a sauko kan titi, amma ba za a taɓa ƙasa ba: a bi tsawon titin kaɗan bisa kwalta, malam yana riƙe da sitiyari da totur, ɗalibi ba shi da wani aiki sai ƙafa, ya tsai da hanci a kan layi. A zagayo, a yi musanya, malam ya karɓi ƙafa, ɗalibi ya karɓi hannu. Sai kowane ya zauna daram kafin a haɗa masa biyun. Idonsa kuma a can ƙarshen titi, gama wanda ya kafa ido a gaban hanci ba ya ganin zamewa sai ta yi nisa. Wasu makarantu suna da na'urar kwaikwayo a ƙasa, tana taimako, tana kuma rage kuɗi, amma iskar gaske ba ta tsayawa a ma'auni ɗaya. Takan yi ƙarfi ta lafa, kusa da ƙasa takan ragu, bayan itatuwa ko rumfar jirage takan birkice. Gyaran da ya yi daidai yanzu, bayan daƙiƙa biyu ya yi yawa ko ya kasa.

A cikin wannan duka hannun malam yana kusa da nasa sitiyarin, bai riƙe ba, bai kuma yi nisa ba, kamar uban da ke bin bayan keken ɗansa. In ya karɓe da wuri, ɗalibi bai koyi kome ba. In ya yi jinkiri, sun shiga ciyawa. Akwai ƙa'ida kuma: mai karɓa ya faɗa da baki cewa tuƙi yana hannunsa, mai bayarwa ya amsa, domin kada a wayi gari kowa yana tsammani ɗan'uwansa ne ke tuƙi. Aikin koyarwa ne na ainihi, muna kuwa sara wa masu yinsa.

Kuskuren da ya fi yawa ba a sama yake ba. Ɗalibi ya ji taya ta taɓa ƙasa, ya yi ajiyar zuciya, ya saki sitiyari ya koma tsakiya. Nan take iska ta shiga ƙarƙashin fiffike ta ɗaga shi, ta kuma bugi wutsiya, hanci ya juya wajen iska kamar zakaran ƙarfen da ake kafawa bisa rufin gini. Abin da ya kamata shi ne, yadda gudu ke raguwa haka za a riƙa ƙara juya sitiyari wajen iska, har ya kai maƙura, gama allunan suna rasa ƙarfi sa'ad da gudu ya ragu. Jirage masu ƙaramar taya a wutsiya maimakon hanci sun fi saurin wulwulawa a nan. Ƙungiyar masu ƙananan jirage ta Amurka, AOPA, tana fitar da rahoton haɗura kowace shekara, sauka kuwa ita ce kan gaba wajen yawa, ko da yake galibi jirgi ne ke lalacewa, rai yana tsira.

Inda rai yake salwanta wani wuri ne dabam, gabanin a iso titi. Jirgi mai shirin sauka yakan zagaya fili, ya yi kwana ta ƙarshe ya fuskanci titi. In iskar gefe tana bayansa kafin wannan kwana, sai ta ingiza shi ya zarce layin. Ɗalibi ya ga titi yana wuce shi, ya ji kunya, ya danna feda domin ya jawo hanci da ƙarfi, ga gudu kaɗan, ga ƙasa kusa. Fiffike ɗaya yana iya daina riƙe iska farat ɗaya, jirgi ya kife, ba kuwa sararin gyara. Maganin wannan kowane ɗalibi ya san shi tun makon farko: a tura totur gaba duka, a tashi, a sake zagayowa. Mintoci kaɗan ne da ɗan mai.

Sani dabam, yi dabam. A ganinmu wannan shi ne darasi mafi wuya ga yaranmu, laifin kuwa har da namu, iyaye da malamai. Mun tashe su a kan cewa wanda ya fara abu ya fasa ya ji kunya. A aji yaro yakan gwammace ya ba da amsar da ya san ba daidai ba ce da ya ce, "Malam, bari in sake." Ga shi yanzu a kujerar hagu, ya san kuɗin gona ne ke ƙonewa cikin inji, ya san abokansa suna kallo daga bakin rumfa. Malamin kirki yakan sa ɗalibi ya fasa sauka sau da yawa da gangan, har a ranar da saukar take tafiya daidai, ya kuma yaba masa duk ran da ya fasa don kansa ba a ce masa ba. Akwai alama guda da ba ta ƙarya: in ka taka feda har ƙasa, hanci bai miƙe da titi ba, iskar ta fi ƙarfin jirgin. Sai a nemi wani titi, ko wani fili, ko a jira. Shi ya sa ba a tashi da mai daidai wa daida.

Kowane jirgi yana da littafinsa, a ciki kuwa an rubuta iskar gefe mafi ƙarfi da aka gwada shi da ita. Na Cessna 172 na zamanin nan not 15 ne, na ƙanensa Cessna 152 not 12, na Piper Warrior not 17. A lura, gwanin matuƙin kamfani ne ya yi gwajin. Ɗalibi mai awa goma sha biyar ba shi ba ne. Saboda haka malam yakan rubuta wa ɗalibi tasa iyakar cikin littafin awoyinsa, ƙasa da ta jirgin ƙwarai, ya riƙa ɗaga ta kaɗan kaɗan yadda hannu ke faɗawa. In iska tana zuwa da fizga, ana ƙara rabin fizgar a kan gudun sauka: iska mai not 12 da ke fizgowa zuwa 20, bambanci 8, a ƙara not 4. Da iska mai ƙarfi kuma akan rage buɗe manyan allunan fiffike da ake saukewa lokacin sauka. Dokar Amurka ta ambaci tashi da sauka cikin iskar gefe, da kuma fasa sauka, cikin abubuwan da tilas a koya wa ɗalibi kafin ya tashi shi kaɗai. Awa 40 da aka yanka a can domin lasin na farko mafi ƙaranci ne, yawancin ɗalibai sukan wuce haka.

Baba, ga inda muka tsaya. Da malamin nan neman sauƙi yake yi, da sai ya riƙa fita da ɗanka da sassafe kawai, sa'ad da ko ganye ba ya motsi, saukarsa ta yi kyau, ya sa hannu, kowa ya yi murna. Yaron ya tashi shi kaɗai da hantsi, ya dawo ya tarar iska ta juya, kujerar dama kuwa ba kowa. In ya gama ya komo gida, ko Zariya ya nufa, inda makarantar koyon aikin jiragen sama take tun 1964, ko wani ƙaramin fili na jar ƙasa mai titi guda, zai gamu da ƙurar hunturu da iskar hadari, ba kuwa za su tambaye shi nawa aka biya ba.

Ba mu ce a rufe ido a riƙa biya ba. Kuɗin gona ne, kana da ikon tambaya. In ya sake bugo waya, kada ka ce masa yaushe za ka gama, gama wannan tambaya za ta bi shi har kwana ta ƙarshe. Ka ce ya karanta maka abin da aka rubuta cikin littafin awoyinsa na makonni ukun nan. Ka tambaye shi not nawa iskar gefe take a kowace fita, iyakar da malam ya yanka masa nawa ce, ta ƙaru ko tana nan. In ranakun duka shiru ne ba iska, ana dai ta zagaya fili ana karɓar kuɗi, ya ce wa malam da ladabi a ajiye awoyin sai ranar da safar iska ta miƙe, ya zauna ƙasa ya yi karatu kafin nan. In bai gamsu ba, yana iya roƙon babban malamin makarantar ya fita da shi sau ɗaya ya duba, wannan abu ne da aka saba yi, ba raini a ciki. Ka kuma tambaye shi sau nawa ya fasa sauka da ra'ayin kansa. In ya ce sau uku, ka ce madalla.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.